Yini guda da faya-fayan Atlanta Rhythm Section

Lahadi, bayan isha'i.

Yau yinin na Atlanta Rhythm Section ne, ƙungiyar kiɗan rock ta ƙasar Amurka. Na jera faya-fayansu bisa shekarun fitowarsu, daga na 1972 zuwa na 1981, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da kunne ya kama. Abin da ya fi fito mini fili shi ne, taushin nan da aka san kiɗansu da shi sana'a ce da suka koya a ɗakin ɗaukar sauti, tun suna yi wa wasu mawaƙa kiɗan haya. Duk inda labarinsu ya karkata, in ka bi sawu, can ɗakin zai mai da kai.

Ɗakin kuwa shi ne Studio One da ke Doraville, wani ƙaramin gari a gefen Atlanta ta arewa maso gabas, a jihar Jojiya ta Amurka. A 1970 aka buɗe shi. Injiniyan sauti Rodney Mills ne ya tsara shi, da hannun Buddy Buie da J. R. Cobb da Bill Lowery, wanda ya daɗe yana harkar haƙƙin waƙoƙi a Atlanta. Wuri irin wannan ba ya tafiya sai da makaɗan gida, waɗanda duk mawaƙin da ya zo da waƙarsa za su zauna su yi masa kiɗa a biya su. Barry Bailey ke riƙe babbar jita, Cobb na kan jita ta biyu, Paul Goddard na kan jitar bes, Dean Daughtry a piyano, Robert Nix a ganga, Rodney Justo kuma shi ke waƙa. Buie ba ya hawa dandamali, amma shi ne furodusa, shi ne manaja, kuma da wuya ka ga waƙarsu da babu sunansa a cikin marubuta.

Ba sababbin shiga ba ne. Justo da Daughtry da Nix sun fito daga Candymen, ƙungiyar da ta riƙa yi wa mawaƙi Roy Orbison kiɗa. Cobb ya fito daga Classics IV, inda Daughtry ma ya taɓa zama, ƙungiyar da ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1960 da "Spooky" da "Stormy" da "Traces", duk da hannun Buie da Cobb a rubutunsu. Wanda ya saurari waɗannan ukun zai gane daga ina laushin ya samo asali: waƙa gajera, amshi mai saurin kama baki, kiɗa a kwance a ƙarƙashin murya.

A nan suka bambanta da maƙwabtansu. Allman Brothers na garin Macon a jihar Jojiya suna da masu ganga biyu, kuma suna iya jan waƙa ɗaya a dandamali har ta wuce minti 20. Lynyrd Skynyrd sun yi suna da jita uku masu kai wa juna hari. Waɗannan a gaban jama'a suka girma. Mutanen Doraville kuwa tarbiyyarsu irin ta 'yan amshi ce da makaɗan da ke bayan babban mawaƙi: ka san inda za ka shigo, ka san inda za ka ja baya, kada ka taɓa danne mai waƙa.

Sai mutum ya san yadda ake gina waƙa a shekarun nan zai ga darajar wannan tarbiyya. Tef ne mai faɗin inci 2, mai layi 16, daga baya aka koma mai 24. Ana fara ɗaukar ganga da bes tare, da jita ko piyano da za su riƙe hanya, mawaƙi kuma ya rera muryar gwaji wadda za a goge daga baya. Ganga kaɗai takan cinye layi da dama, tunda kowane ɓangarenta da makirfonsa. Bayan nan ake ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya: jita ta biyu, babbar jita, murya ta gaskiya, muryoyin amshi. In makaɗi ya yi kuskure a tsakiya, injiniya zai mai da tef baya, ya danna ɗauka daidai wurin, ya saki daidai inda gyaran ya ƙare. Abin da aka ɗauka a kai ya goge na ƙasa har abada, don haka in yatsa ya makara da rabin daƙiƙa, an cinye farkon kalmar da ke biye. In layuka suka ƙare, sai a haɗe uku ko huɗu a zuba su a ɗaya, kuma kowane zubi yana ƙara wa sautin shuu. Shi ya sa makaɗin da zai ba ka abin da kake so a ɗauka ta biyu ko ta uku ya fi mai gwaninta da yawa daraja a wurin injiniya.

Faifan farko ya fito a 1972 a kamfanin Decca, bai yi kasuwa ba. Da na saurare shi yau, kiɗan tsaf yake, amma babu waƙar da za ta tsai da mai rediyo. Justo ya tafi New York neman aikin rera waƙa a ɗakunan can. Wanda ya maye gurbinsa ma a cikin gida aka same shi: Ronnie Hammond, matashin da ke taimaka wa Mills a aikin injiniya. Muryarsa ba ta da kaushin da aka saba ji a mawaƙan jihohin kudu na ƙasar Amurka. Tana da ɗan sanyi da gajiya a cikinta, kuma yana rera waƙa kamar mutumin da ya san makirfo na kusa da bakinsa, ba ya bukatar ihu. Da shi aka yi Back Up Against the Wall a 1973, shi ma bai tafi ba. Sai suka koma Polydor, inda Third Annual Pipe Dream na 1974 ya ba su "Doraville", waƙarsu ta farko da ta shiga cikin 40 na saman jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard, ta tsaya a lamba 35. Dog Days ya biyo a 1975, Red Tape a 1976.

A cikin waɗannan shekaru ɗakin nasu ya fi su suna. A Studio One aka ɗauki faifan farko na Lynyrd Skynyrd a 1973, Al Kooper na furodusa, har da "Free Bird" mai tsawon minti 9. Nix ne ya buga ganga a "Tuesday's Gone". "Sweet Home Alabama" ma a nan aka ɗauke ta. Wato kiɗan da duniya ta ɗauka shi ne fuskar jihohin kudu na ƙasar Amurka a ɗakinsu aka dafa shi, alhali su masu ɗakin suna ta neman waƙar da za ta fid da su.

Ta zo a A Rock and Roll Alternative, wanda ya fito a ƙarshen 1976. "So in to You" ta kai lamba 7 a 1977, faifan ya sami shaidar zinare, wato an sayar da kwafi 500,000. Na daɗe a kanta yau. Piyanon lantarki na Daughtry ne ke shimfiɗa tabarma, ganga tana tafiya a hankali ba ado, bes yana zaune daidai kan bugun babbar ganga. Abin lura shi ne piyano da jitar Cobb a tsaka-tsakin sauti ɗaya suke zaune. In dukansu suka buga cikakken kiɗa a lokaci guda, sautin zai dagule, murya ta nutse. Sai suka raba aiki: ɗaya ya riƙe dogon sauti, ɗaya ya riƙa tsinka gajeru a tsakani. Bailey kuma ba ya magana sai Hammond ya gama layinsa ya ja numfashi, sannan jita ta amsa masa. Masu kwaikwayon waƙar a nan suke faɗuwa. Ganin tafiyarta a hankali take, sai su ɗauka mai sauƙi ce, mai ganga ya ƙara sauri a amshi, mai jita ya cike gibin da aka bari da gangan, waƙar ta zama wata aba daban.

Champagne Jam na farkon 1978 shi ne ƙololuwa. Waƙoƙi takwas ne, huɗu a kowace fuska. Ya buɗe da "Large Time", wadda suka yi don tunawa da Lynyrd Skynyrd bayan haɗarin jirgin sama na 20 ga Oktoba 1977 da ya kashe mawaƙinsu Ronnie Van Zant da wasu. Sa waƙa mai ƙarfi a farkon fuska ya dace da yadda faifai yake: a bakin waje allura tana cin tsagi mai tsawo a kowane zagaye, sauti ya fi fita tas, in an matso tsakiya kuma sai siririn sauti ya fara ƙazanta. Haka ma fuska ɗaya in ta wuce minti 22 ko makamancin haka, dole mai yankan faifai ya matse tsagi, ya rage ƙara da nauyin bes. Ƙungiyar da ke da Goddard ba za ta so a taɓa mata bes ba. A waƙar "Champagne Jam" an ba shi fili shi kaɗai, kowane sauti yana fita daban kamar an ƙirga. "Imaginary Lover", wadda ta buɗe fuska ta biyu, ta kai lamba 7, "I'm Not Gonna Let It Bother Me Tonight" ta kai 14, faifan kuma ya haye kwafi miliyan ɗaya. A watan Yunin shekarar suka yi wasa a bikin kiɗa na Knebworth ta Ingila a ranar da ƙungiyar Genesis ke kan gaba, a Satumba kuma suka yi a fadar shugaban ƙasa, lokacin Jimmy Carter, tsohon gwamnan jiharsu.

Akwai maganar da aka daɗe ana yi a kan "Imaginary Lover", cewa in aka juya babban faifan da gudun 45 maimakon 33⅓, muryar Hammond takan koma kamar ta Stevie Nicks ta Fleetwood Mac. Na gwada, kamannin na nan. Lissafin ba wuya: gudun ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, wanda ke ɗaga murya da kusan rabin-mataki biyar (rabin-mataki shi ne tazarar da ke tsakanin maɓallan piyano biyu da ke maƙwabtaka), ya kuma sa karkarwarta ta yi sauri. Wannan ya sa tilas mai sauraron faifai ya tabbatar da gudun na'urarsa kafin ya yanke wa mawaƙi hukunci. Tsohuwar na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka, in motarta irin mai bin bugun wutar gida ce, an gina ta ne a kan bugu 60 a daƙiƙa, wutarmu kuwa 50 ce. Taransifoma zai sauke ƙarfin wutar zuwa 110, amma ba ya taɓa bugun, sai faifai ya riƙa juyawa kusan 28 a minti, murya ta sauka da kusan rabin-mataki uku. Waƙar da dama a kwance take sai ta zama ta barci. Maganinsa a canja ɗan ƙarfen da bel ke hawa a kan motar zuwa na 50. Bel da ya saki ma yakan sa dogon sautin piyano ya riƙa rawa. 

Daga 1979 abin ya fara sauka. Underdog ya ba su "Do It or Die" a lamba 19, da sabuwar "Spooky" a lamba 17, ya kuma sami zinare, amma komawa ga waƙar da ta shekara goma da ɗoriya alama ce ta cewa rijiyar rubutu ta fara ja baya. Nix, wanda yake da hannu a rubuta manyan waƙoƙinsu, ya bar ƙungiyar a shekarar, Roy Yeager ya karɓi ganga. The Boys from Doraville na 1980 bai haifar da komai a rediyo ba. Suka koma Columbia, Quinella ya fito a 1981, "Alien" ta kai lamba 29, ita ce ta ƙarshe da ta shiga cikin 40. Faifan da suka ɗauka bayansa kamfanin bai fitar da shi ba. A ganina dalilan a bayyane suke. Rediyo ya juya ga wasu salo, MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta fara aiki a Agustan 1981 ta mai da waƙa abin kallo, su kuwa mutane ne da ba su taɓa sayar da fuska ko rawa ba. Masu son kiɗan kudu mai zafi suna ganin sun yi laushi, masu son waƙar soyayya kuma sun san waƙoƙin amma ba su san sunan ko ɗaya daga cikin makaɗan ba. Ƙungiyar da ba ta da fuska, ranar da rediyo ya sake ta ba ta da igiyar kamawa.

Ba su watse ba. Sun ci gaba da yawon wasa, mutane na fita suna dawowa. An shigar da su zauren karramawa na mawaƙan jihar Jojiya a 1996, suka fitar da Eufaula a 1999, sunan garin Alabama inda Buie ke keɓewa ya rubuta waƙa. Hammond, wanda ya sha fama da giya da ciwon damuwa, ya rasu a 2011, shekarar da Justo ya dawo ya karɓi makirfo. Nix ya bi a 2012, Goddard a 2014, Buie a 2015, Cobb a 2019, Bailey a 2022, Daughtry a 2023.

Da yamma na ƙarasa da Are You Ready! na 1979, wanda ke nuna yadda suke a wasa, don ban yarda da masu cewa ba su iya zafi ba. A saurari "Another Man's Woman" a can: waƙar ta miƙe sosai, Bailey ya saki hannu, Goddard ya yi doguwar tafiya shi kaɗai a kan bes ba tare da gudun ya goce ba. Wanda bai san su ba sai ta "So in to You", ya fara da wannan, ya koma Red Tape, sannan ya zo Champagne Jam. A haka zai ji irin ƙarfin da suke dannewa a duk lokacin da suka yi kiɗa a hankali.