Sunan Kirki A Baldur's Gate Ana Saye Ne Da Zinariya

Wasannin kwamfuta na duniyar matsafa da dodanni suna auna halin jarumi da lissafi. Wanda na fi bugawa a salula shi ne Baldur's Gate, wasan 1998 da aka sabunta a 2012, kuma shi ne samarin fadarmu a Damagaram suka fi kawo kuka a kansa: wai abokan tafiyar jarumi a cikin wasan suna watsewa ba dalili.

Dalilin yana nan. Akwai ma'aunin suna daga 1 zuwa 20. Mai halin kirki da bin doka yana farawa da 12, mugu marar doka da 8. Ka ceci mutum, sunanka ya hau, 'yan kasuwa su rage maka farashi. Ka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ya faɗi warwas, in ya yi ƙasa sosai dakarun Flaming Fist, masu tsaron doka a wasan, su bi sawunka. Tarkon yana sama: da zarar ka kai 19, miyagun cikin tawagarka, irin su Edwin matsafi, sai su tattara nasu ya nasu su tafi. Ni a 18 nake tsayawa. In na ga wani aikin alheri zai ɗaga ni, sai in ɗauki Viconia, wata abokiyar tafiya a wasan, domin shigarta tawaga kaɗai tana zaftare maki 2.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne gidan bauta. Ka yi ɓarna, ka je ka zuba zinariya, sunanka ya dawo, kamar mai wanke tufafi a bakin rijiya. Aiki wasan yake ƙirgawa, ba ruwansa da niyya. Wasan Fable na 2004 ma haka yake, sai dai shi a jiki yake nunawa: mugu ƙaho ke fito masa.

Wasan Dragon Age: Origins na 2009 ya fi hankali. Ba ma'auni ɗaya, kowane aboki da nasa, har abin da ya faranta wa Alistair ya ɓata wa Morrigan rai. Amma nan ma kyauta tana gyara tsakani.

Kafin kowace babbar shawara nakan adana wasan a gurbi daban, ba a kan na baya ba. Sakamakon wani zaɓin sai bayan awanni yake bayyana, ga kuma wutarmu da ke ɗaukewa lokacin zafi, batir ya mutu ana tsakiyar zance da sarkin gari.