A Lisbon, kofi ne kuɗin shiga bayan gida

Mai ciwon suga ba ya yawo a baƙon gari kamar kowa. Mutane na ɗaga kai suna kallon gine-gine, ni kuwa ina lissafin inda zan kewaya. Sati biyu na yi a Lisbon, babban birnin Fotugal, wajen autanmu da ke karatu a can, kuma tun kwana na biyu garin ya gwada min halinsa.

Mun hau ɗan jirgin nan mai ruwan ɗorawa da ke bin tsakiyar titi, lamba 28, daga Martim Moniz muka sauka a Alfama. Unguwa ce ta lunguna da matakala, hawa sai ka ce Dala. Nan fitsari ya matse ni. Da a Kano ne, da tuni na hango allon gidan wanka da bahaya, na miƙa 'yan canjina an ba ni buta. A nan ba allo ba alama. Na ce, "Kai Auta, in ba so kake yayanka ya ji kunya a ƙasar mutane ba, yi wani abu."

Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, biyo ni." Ya ja ni wani ɗan shagon shan kofi, ya ce wa matar da ke bayan kanta "uma bica", wato ɗan mitsitsin kofin nan mai ɗaci da mutanen Lisbon ke shanyewa a tsaye. Sai da kofi ya sauka sannan ya tambayi casa de banho. Haka suke kiran bayan gida. Banheiro na mutanen Barazil ne. Matar ta zaro makulli ɗaure a jikin ƙaton cokalin katako, ta nuna min matakalar ƙasa da haɓa.

Can na tarar da ƙofa biyu, ɗaya H, ɗaya M. Bahaushe ya ga M, ai sai ya ce maza. Har na kama mariƙin ƙofar, Allah ya taimake ni na lura da ɗan zanen siket. Ashe M ɗin mulheres ne, mata, H kuma homens. Na shiga tawa, ban gama ba fitila ta mutu ɗif. Irin mai kashe kanta ce in ba ta ji motsi ba. Ga ni da furfurata ina kaɗa hannu a duhu kamar mai korar sauro.

Ba wai babu na gwamnati ba ne sam. Akwai a tashoshin jiragen ƙasa, wanda na shiga santi 50, wato rabin yuro, na jefa ƙofar ta buɗe. Manyan kantuna irin Colombo da Vasco da Gama kyauta ne, kuma fes. Sai dai suna nesa da tsohon gari, inda baƙo ke yini. A tsohon gari, mai shagon kofi shi ne mai bayan gida. Ban ga laifinsa ba, shi ke biyan ruwa, shi ke wankewa. Amma nakan tuna masu kai abinci a babur da tsofaffin da ke zama a dandali, waɗanda ba kullum ke da yuro ɗaya na kofi ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne tsarki. Mutanen nan fa sun san ruwa. A gidan da Auta ke haya akwai bidé, ɗan kwamin wanke jiki kusa da masai, kuma shekara da shekaru doka ce a saka shi a gidaje, sai a 2024 aka ɗage tilascin. Amma da ka fita waje, takarda ce kawai. Takardar ma sun mai da ita ado: kamfaninsu Renova har baƙa ya fito da ita a 2005. Inda hankalina ya kwanta shi ne Babban Masallacin Lisbon, kusa da Praça de Espanha, wanda aka buɗe a 1985. Nan na kama ruwa a natse, na yi alwala tare da 'yan Gini Bisau da 'yan Bangaladesh.

Kwana huɗu ina biyan kuɗin shiga da kofi, ba sukari saboda lalurata, kafin na farga cewa kaina nake cuta. Kofin nan shi ke ƙara turo fitsarin, ga barci ya ƙaurace min. Rana ta biyar na ce wa Auta ya koya min sunan ruwa. Daga ranar, da na shiga shago sai in ce "uma água", a miƙo min ƙaramar gora. In kurɓi kaɗan a gaban mai shago, in karɓi makulli, in sauka da sauran a aljihun jamfata.