Godiya ga jama'a da kulob ɗin harlin na ƙauyenmu

Assalamu alaikum. Yau kwana goma da rasuwar mahaifiyarmu Hajiya a Zariya. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Sai yanzu na samu natsuwar da zan zauna in yi godiya.

Labarin ya iske ni da asuba ina shirin tafiya aiki asibiti. Kafin in gama duba kuɗin jirgi daga Dublin har an yi mata sutura, bayan azahar aka kai ta makwancinta. Muryar yayana kawai na ji a waya yana cewa in yi haƙuri. 'Yan uwa Hausawa da kuka taso daga Dublin, Cork da Limerick, wasu bayan aikin dare, Allah ya bar zumunci. Malam da ya ja mana addu'a, da matan da suka kwana a kan tukwane tare da uwargida, Allah ya saka muku da alheri.

Amma akwai waɗanda ba sa jin Hausa, kuma dole in faɗi abin da suka yi mana a gaban masu ji. Muna zaune ne a wani ƙaramin ƙauye a yankin Kilkenny na ƙasar Ayilan, kuma ɗana na buga wa kulob ɗin ƙauyen wasan harlin. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da sandar katako mai faɗin baki da 'yar ƙwallon fata da ba ta cika tafin hannu ba. Ranar da yaron ya fara shigo mini gida da sanda da hular kwano, cewa na yi wannan ai faɗa ne aka yi masa alƙali.

Da mai horar da su ya ji dalilin da ya hana yaron zuwa atisaye, da kansa ya zo har ƙofar gida. Ya ga falonmu ba zai ɗauki mutum goma ba, sai ya ce addu'ar bakwai a zauren kulob za a yi ta. Suka kwashe kujeru, muka shimfiɗa tabarmi. Matan kulob ɗin suka bugo waya suna tambayar abin da ba ma ci, suka zo da burodi da ƙwai da kifi, shayi kuwa bai yanke ba har la'asar. Abokan wasan ɗana suka yi layi biyu a bakin ƙofa cikin rigunan kulob, shiru, hannuwa a baya. Haka suke yi idan nasu ya mutu. Hajiya ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. A nan hawayen da nake ta riƙewa suka zubo.

Bayan an shafa, wani dattijo mai kula da filin, wanda ya haura tamanin, ya kama hannuna ya zagaya da ni bangon zauren. Hotuna ne jere, daga masu baƙi da fari har na bana. Ya nuna mini babansa, ya nuna kansa yana saurayi, ya nuna jikansa tsaye kusa da ɗana. Sai ya riƙa ɗora yatsa a kan fuskoki: wannan ya tafi Boston bai dawo ba, wannan birkila ne a Landan, waɗannan uku Ostareliya suka nufa da tattalin arziki ya karye a 2008. Ya ce akwai shekarun da suka kasa haɗa mutum 15, dole suka haɗe da ƙauyen da suka fi gaba da shi. Filin ma aron makiyayar wani manomi ne da farko, sai an kore shanu a buga, kafin su yi karo-karo su saya.

A bakinsa na ji cewa uwar ƙungiyar wasannin gargajiyar Ayilan, wato GAA, an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba 1884 a otal ɗin Hayes da ke Thurles, bisa kiran wani malamin makaranta, Michael Cusack, lokacin da wasannin Ingila ke neman shafe na gargajiya. Kishin ya kai har zuwa 1971 ɗan ƙungiya bai isa ya buga ƙwallon ƙafa ko ya je kallonta ba. Na ce masa, Baba, da a lokacin na zo da tuni kun kore ni. Ya yi dariya har da tari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a sayen ɗan wasa, ba a kuma biyansa ko sisi. Gundumar cocin da ka tashi a cikinta ita kake buga wa. Ya kawo misalin Ballyhale, wadda ƙananan kulob uku suka haɗu suka kafa a 1972, ta ci kofin ƙasa na kulob-kulob sau 9. Ɗansu Henry Shefflin ya ci kofin ƙasa sau 10 da tawagar yankin Kilkenny, amma a lokacin da yake wasa aikin banki yake yi, in ya tashi ya tafi atisaye. Na tambayi dattijon, to ɗana fa da aka haifa a Zariya? Ya ce, "A ina yake kwana? A nan. To namu ne."

Na gode wa mai horarwa, da shugabannin kulob, da matan shayi, da yaran da suka tsaya cikin sanyi. Allah ya saka musu da alheri, ya raya musu zuri'a. Ɗana ya yi alkawarin zai karanta musu wannan saƙo da Turanci ranar Asabar kafin a take wasa. Sannan duk wanda ya manta butarsa a zauren, dattijon ya ajiye guda biyu a ɗakin sanduna, a zo a karɓa.