Yumɓun Adar da shekarun da ke cikinsa

Duk maginiyar da ke haƙar yumɓu a ƙasar Adar, hannunta na taɓa abin da ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki na Tawa, kuma ƙwaryar halittun ruwa da ta taru a ƙarƙashinsa ce ta daskare ta zama farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Shi kansa yumɓu dutse ne wanda ruwa da iska suka daɗe suna nika shi har ya yi laushi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda iyayenmu mata ke daka tsingaron tsohuwar randa a turmi, su tankaɗe shi, su cuɗa da sabon yumɓu domin kada tulu ya tsage a wuta. Ta haka randar da wata kaka ta gina take shiga jikin tulun da jikarta za ta kai rijiya. Da zarar zafin wuta ya haura digiri 600, ruwan da ke ɗaure cikin yumɓun ya fita ke nan, ba zai sake komawa laka ba ko da ya kwana cikin tafki. Shi ya sa tsingaron da aka tono a Tagalagal, cikin duwatsun Azbin, ya kai shekaru fiye da 9000 bai narke ba. A ganina, ya kamata matasanmu masu fasahar zane su zauna gaban waɗannan mata su koyi sana'ar tun kafin robobi su kori tulu daga gidajenmu.