Tambayar Yaya ta hana ni sakat

Talata. Saura sati 9 gasar tirayatlon ɗin nan, wato gasar da ake haɗa ninkaya ta mita 1,500, tseren keke na kilomita 40 da gudun kilomita 10 a jere.

Da farin cikina na tashi yau wallahi. Awa ɗaya a kan keken jim, ina sauka na haye injin gudu na minti 20 yadda koci ya rubuta min, kuma ƙafafuna ba su yi nauyin nan da suka saba yi ba in na sauko daga keke, kamar an ɗaura musu buhun yashi. Har saƙo na tura wa koci tun ban cire takalmi ba.

Aiki dai kamar kullum. Ba labari.

Da yamma Yaya ya leƙo, na miƙa masa agogona ina ta zuba, ga bugun zuciya ga gudun da na yi a kowace kilomita. Ya duba ya ce madalla, sannan ya ɗago ya ce, "Ƙanina, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da hawa keke a titi?"

Shiru na yi. Kun san amsar ai, tun faɗuwar nan da na yi da keke a wata kwanar titi, wata huɗu ke nan.

Na fara kare kaina, kuma har yanzu ina ganin ba ƙarya na faɗa ba. A jim babu mota babu rami, in koci ya ce minti 4 da ƙarfi minti 2 a hankali to haka zan yi cif, babu danja da za ta tsayar da ni a tsakiya, ruwan sama bai hana ni, duhu bai hana ni, injin gudun ma ina ɗaga shi kashi 1 cikin ɗari don ya maye iskar da mutum ke karo da ita a waje. Na ce Yaya ƙarfi ai ƙarfi ne ko a ina aka tara shi.

Bai musa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Cewa ya yi ƙarfin kam na tara, amma kilomita 40 ɗin keken akwai kwana, akwai gangara, akwai iska ta gefe, ga mutane a gabanka da bayanka, kuma dole ka saki hannu ɗaya ka zaro gorar ruwa keken na gudu. Keken jim ba ya karkata balle ya koya maka wannan. Ya koma kan ninkaya, ya ce mita 1,500 a suwimin ful mai mita 25 tsallakawa 60 ne, sau 59 kana dafa bango kana tunkuɗa shi da ƙafa, ɗan hutu ne da ba ka ma san kana samu ba. A tafkin gasar kuwa babu bango, babu layin nan na ƙasa da kake bi, sai ka riƙa ɗago kai kana neman alama in ba haka ba ka karkace ka ƙara wa kanka nisa. Bayan duk wannan ga gudun kilomita 10 cikin rana, jiki kuwa yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana atisaye a zafi kafin ya saba, ni kuma kullum fanka na kaina.

Duk na san waɗannan. Koci ya sha faɗa. Na riƙa ce wa mutane na zaɓi jim ne don ya fi tsari, alhali tsoro ne, tsoro zalla. Da na rufe ido sai in ji ƙarar hular kwanona a kwalta, in ga tayar gaba tana ta juyawa ni ina kwance.

Ban iya faɗa masa haka ba amma ina jin ya gane. Da zai tafi ya ce ranar Asabar da sassafe zai zo da nasa keken, mu yi kilomita 15 kawai a hanyar da babu motoci sosai, shi a gaba ni a baya. Ranakun aiki in ci gaba da jim ɗina, ƙarshen mako waje. Na ce to.

Mama ta kira, ban gaya mata ba, hankalinta zai tashi.

Ɗazu ƙarfe 11 na fito da keken daga bayan ƙofa. Tayoyin duk sun sace, sarƙa ta bushe, ga karcen nan a birkin hagu yana nan yadda yake. Na ba su iska, na sa wa sarƙar mai, na riƙe kan keken na ɗan jima a tsaye, tafin hannuna sai gumi yake.

Hular ta tsage a gefe, ba a sake amfani da wadda ta taɓa buguwa. Gobe zan nemo sabuwa.