Mako 11 na Riƙon Mailo

'Yan'uwa masu koyon riƙon karnuka, na yi muku alkawarin bayani a kan kare na biyu da na riƙa a nan birnin Lids na Ingila, kuma tun da ranar Asabar da ta wuce ya tare a gidan da zai zauna dindindin, ga abin da na tattaro daga littafin da nake rubuta ayyukanmu na kullum. Ina amfani da kalmar riƙo ne da ma'anar da muka sani a gida, wato mutum ya karɓi abin da ba nasa ba ya kula da shi kamar nasa, yana sane da cewa ranar miƙawa tana tafe.

Sunansa Mailo, ɗan shekara 4, daga jinsin sifaniyel na Ingila da ake kira sifiringa, jikinsa fari da dabbare-dabbare masu launin hanta. Asalin wannan jinsi karnukan farauta ne, aikinsu shi ne kutsawa cikin sarƙaƙiya su tayar da tsuntsu domin maharbi ya samu, kuma a 1902 ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya, mai rajistar jinsunan karnuka, ta amince da su a matsayin jinsi mai zaman kansa. Wannan tarihi ya yi mini amfani ƙwarai daga baya. Abin da ƙungiyar ceton karnuka da ta ba ni riƙonsa ta gaya mini shi ne, tun yana ɗan kwikwiyo kullum akwai mutum a gida tare da shi, sai yanayin aikin masu shi ya canza aka fara barinsa shi kaɗai daga safe zuwa yamma, ya riƙa haushi yana gatsar ƙofa har maƙwabta suka kai ƙara.

A ƙarshen watan Satumba aka kawo mini shi. Kwana 3 na farko bai ci komai daga kwano ba, ya maƙale a ƙarƙashin teburin kicin yana haki alhali babu zafi, yana hamma, yana lasar leɓe, wutsiya a cuse tsakanin ƙafafu, kuma in na matso sai ya kawar da kai har farin idonsa ya bayyana. Wanda bai sani ba zai ɗauka hammar barci ce, amma a wurin kare waɗannan duka alamun fargaba ne. Abu mafi wuya da na koya a kwanakin nan shi ne riƙe hannuna. Zuciya tana so a jawo shi a rarrasa, amma abin da ya yi aiki shi ne in zauna a ƙasa nesa kaɗan, in ba shi gefen jikina, ban kalle shi cikin ido ba, in jefa ɗan naman kaza kusa da shi in ci gaba da karatuna. A daren kwana na 5 ya fito da kansa ya shinshina ƙafata, sannan ya koma. Na ba shi keji a buɗe da bargo a kai, na kuma sa ƙaramin shinge a ƙofar ɗakin da nake salla, domin tun farko kowa ya san iyakarsa.

A mako na 2 likitar dabbobi ta gano ciwo a kunnensa na hagu, abin da ya zama ruwan dare ga sifaniyel saboda dogayen kunnuwansu suna rufe ramin kunne su tara danshi. Bayan kwana 10 na maganin ɗigawa ya daina zabura in an taɓa kansa. Ina roƙonku kada ku fara horo kafin likita ya duba kare, domin wani abin da muke kira tsoro ciwo ne kawai.

Babban aikin shi ne koya masa zaman kaɗaici, kuma a nan na fi daɗewa. Mailo ya haddace duk alamun fitata, daga ƙarar makulli zuwa sanya takalmi, don haka na shafe mako guda ina ɗaukar makulli in zauna, ina sa riga in shiga kicin in dafa shayi, har waɗannan abubuwa suka daina tayar masa da hankali. Daga nan na fara fita ƙofa na daƙiƙa 5, in dawo kafin ya fara kuka, ba tare da wata doguwar gaisuwa ba, ina kallonsa ta kyamarar tsohuwar wayar da na jingina a cikin gida. Daƙiƙa 5 ta zama 15, ta zama 40, har muka kai minti 2 a mako na 3. Sai na yi kuskuren da har yanzu yake damuna: ganin ya natsu, na fita na minti 20 sayen kaya, na dawo na same shi ya jiƙe da miyau, ya kankare fentin ƙofa da farce. Gaggawar yini guda ta mayar da mu daƙiƙa 10, kuma sai da muka yi kwana 9 kafin mu dawo inda muke. Ka'idar ita ce kare kada ya kai ga firgita ko sau ɗaya a lokacin horo, saboda haka duk ranar da fita ta zama dole sai in nemi maƙwabciyata ta zauna da shi. Likitar ta kuma rubuta masa maganin rage fargaba mai suna fuloksetin, tare da gargaɗin cewa yakan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, kuma taimako ne ga horo, ba madadinsa ba.

Abin da ya fi kwantar masa da hankali a tsawon lokacin nan shi ne hancinsa. Na daina ba shi abincin safe a kwano, ina watsa shi cikin ciyawar bayan gida ya yi ta nema, daga baya na riƙa ɓoye ƙwallon tanis a filin unguwa yana ɗaure da igiya mai tsawon mita 10. Ranar da na fara ganinsa yana gudu hagu da dama, hanci a ƙasa, wutsiya tana kaɗawa ba tsayawa, na tuna karnukan mafarauta da nake gani ina yaro in sun shiga daji da rani. Minti 15 na irin wannan nema ya fi gajiyar da shi fiye da tafiyar awa guda a bakin titi, kuma bayansa ne horon kaɗaici ya fi tafiya daidai.

Daren 5 ga Nuwamba, da ake wasan tartsatsin wuta mai ƙarar fashewa a duk faɗin ƙasar, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur. Na fitar da shi tun kafin magariba, na ja labule, na kunna rediyo, na zauna kusa da shi. Kwana 2 ya warware, wanda ya nuna mini irin nisan da ya yi. A mako na 9 yana iya zama minti 50 shi kaɗai, mafi yawansu yana barci.

Gidaje 3 ne suka nuna sha'awa. Na farko suna da yara ƙanana biyu da hayaniyar da ba zai iya ɗauka ba. Na biyu saurayi ne mai kirki wanda ya ƙaunace shi nan take, amma yana wuni a wurin aiki, alhali shawarar da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ke bayarwa ita ce kada a bar ko lafiyayyen kare shi kaɗai fiye da awa 4. Faɗa wa ƙungiya cewa bai dace ba ya yi mini nauyi, amma da na yi kara da na mayar da Mailo cikin abin da ya karya shi tun farko. Na uku dattijo ne da matarsa, sun yi ritaya, suna zaune a wani ƙauye a arewacin yankin Yokshaya na Ingila, kuma sun taɓa kiwon sifaniyel shekaru masu yawa. Abin da ya sa na amince da su shi ne, a haɗuwarmu ta farko dattijuwar ba ta miƙa masa hannu ba, ta tsuguna a gefe ta bar shi ya zo da kansa.

Mun haɗu sau 3, ƙungiya ta je ta duba gidan da shingensa, aka kuma sauya bayanan 'yar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatarsa, wadda doka ta wajabta ga karnuka a Ingila tun Afrilun 2016. Na haɗa musu bargonsa ba tare da na wanke ba, da ƙwallonsa, da sauran maganinsa, da shafi 4 na bayani, inda na roƙe su su koma daƙiƙa 10 a horon kaɗaici domin sabon gida sabon farawa ne a wurinsa. Da ya shiga motarsu ban tsaya kallo ba, na koma ciki na zauna a kicin na ɗan lokaci. Jiya dattijon ya aiko mini da saƙo cewa Mailo ya ci abincinsa a cikin ciyawa tun kwana na 2, kuma sun kai daƙiƙa 30 a bakin ƙofa.