Karen Afganistan ba ya kallon kyamara

Duk dabarar da na sani ta sa kare ya kalli kyamara, a wajen karen Afganistan ba ta yi aiki ba, kuma har yanzu abin yana cina in na tuna. Na daɗe ina ɗaukar hoton karnuka a gasar da ake yi nan Ingila ƙarshen mako, kowa ya san yadda ake yi, ka matsa ɗan abin wasan nan mai ƙara ko ka yi fito, kare ya ɗaga kunne ya kafe ka da ido, ka danna, shikenan. To wannan karon wata dattijuwa Baturiya ce ta ɗauke ni aiki in yi wa karyarta hoto a wata gasa kusa da Birmingham. Na yi fito, na matsa abin ƙarar nan har yatsana ya gaji, wallahi ko ƙifta ido ba ta yi ba. Kanta a sama, idonta can nesa ta saman kafaɗata, kamar sarauniyar da talaka yake gaishe ta daga bakin hanya.

Kyamarar ma ta bi sahu. Tawa tana da wannan tsarin da yake nemo idon dabba da kansa ya kama, kullum da shi nake aiki, amma gashin nan da ya zubo daga ka da kunnuwa ya ruɗa ta, sai ta riƙa kama silin gashi ta bar idon a dishi-dishi. A ɗan allon kyamara ba ka gani, sai ka buɗe a kwamfuta. Hotunan zagayen safe, lokacin da karyar ta yi ta ɗaya a ajinta, kusan duk haka suka fito, gashi tar ido babu. Rabin kuɗin aikin a nan ya tafi, kuma ba a maimaita wa mai hoto zagaye.

Da rana dattijuwar ta ce min, "Ɗana, ka daina kiran ta, ba da kunne take farauta ba, da ido take yi." Ta sa jikarta ta je can ƙarshen filin ta wurga farar leda sama. Kai! Nan take karyar ta miƙe, wuya ya tashi, ido ya buɗe, jelar nan mai lanƙwasa kamar zobe a ƙarshe ta ɗago. Hoton da na fi alfahari da shi kenan a duk ranar.

A nan na gane abin da nake ɗauka girman kai ne ashe asali ne. Wannan kare da ake ce wa Tazi a ƙasarsu, na farauta ne a duwatsu da hamadar Afganistan, zomo da barewa yake bi, kuma hangen abu yake yi daga nesa ya bi shi da gudu ba sai an ba shi umarni ba. Wanda ya san karnukan Azawak na Buzaye a Nijar da Mali zai gane irin halin, su ma da ido suke farauta. Gashin da muke ta wahala a kansa kuma rigar sanyi ce ta kan tsauni, amma gadon bayansa gajeren gashi ne, dogon yana gefe da ƙafafu. Ka duba tafin ƙafarsa manya-manya da ƙashin ƙugu da ya fito, duk na gudu a kan duwatsu ne. Binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2004 ya sa shi cikin tsofaffin jinsunan karnuka tare da Saluki. Masu shi suna son cewa wai shi aka saka a jirgin Annabi Nuhu, wannan dai labari ne kawai, amma tsufan jinsin gaskiya ne.

Shigowarsa Ingila kuwa ba ta daɗe haka ba. Wani kyaftin, John Barff, ya zo da wani kare mai suna Zardin daga Indiya a 1907, aka nuna shi a Crystal Palace a Landan mutane suka ruɗe, har da siffarsa aka rubuta ma'aunin farko na jinsin, wato bayanin siffar da ake so karen ya kasance da ita, a 1912. A 1920 iyalin Bell-Murray suka kawo nasu Sikotilan daga Balucistan, na hamada marasa yawan gashi, sannan a 1925 Mary Amps ta kawo na tsauni daga Kabul, masu gashi jibge, gidan karnukanta ake kira Ghazni. An yi ta jayayya a kan wanne ne na ainihi kafin a haɗe su, kuma ma'aunin 1948 ya daidaita maganar. Wanda yake ruɗa min kyamara yau gadon na Ghazni ne.

Don haka duk wanda za a ba irin wannan aiki, don Allah ka kashe tsarin neman idon nan, ka koma ɗigo ɗaya na saita kyamara ka ɗora shi da hannunka a kan ido. Ka durƙusa ƙasa daidai ƙirjin karen, daga tsaye zai fito kamar tulin gashi. In za a zagaya da shi kada saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, domin kyan Tazi a tafiyarsa yake, lokacin da gashin yake tashi yana sauka. Filasha kuma ka manta da ita a cikin fili, tana firgita karnuka kuma masu su ba za su yafe maka ba. Kar ka taɓa gashin ko da da niyyar gyarawa, an shafe awanni ana wanka da busarwa da buroshi, har wata hula suke saka musu lokacin cin abinci don kada kunnuwa su shiga kwano.

Kuma ka zo da wanda zai tsaya maka can nesa da leda tun kafin zagayen farko. Dattijuwar ta sake kirana gasar bazara, na riga na ce wa jikarta ta ajiye min ranar.